Filin da Kowa Ya Ƙi

Leokadia Wróbel ta tsufa tana jiran fili. Tun tana aiki a masaƙa, tun mijinta Bolek yana da rai, ta kai sunanta ƙungiyar lambunan da ke bayan layin dogo, aka ce ta je za a neme ta. Masaƙar ta rufe, Bolek ya rasu, kanta ya yi fari fat, ba a neme ta ba. Duk shekarun nan a barandar gidanta da ke hawa na bakwai take nomanta, tumatir a tsofaffin bokitai, albasa a bahon wankin da ya huje. Mu kuwa a birnin Łódź wanda ba shi da fili a lambu, in lokacin zafi ya zo, maraya ne. Ranar Asabar kowa ya rataya kwando ya hau tiram, jirgin cikin gari, kai kana bakin taga kana ƙirga tattabaru.

Sai da ta zame a kan ƙanƙara da sanyin da ya wuce, ƙugunta ya tsage, likitoci suka ɗaure shi da ƙarfe, sannan ƙungiya ta tuna akwai wata Leokadia a duniya.

Kiran ya same ta a mummunan lokaci. 'Yarta Jola ta zo daga birnin Gdańsk da kwalaye da igiya, ta soma naɗe kofuna a tsohuwar jarida. Ta gyara wa uwarta ɗaki a can gidansu, a ƙasa, ba hawa bene, har ta samu mai son sayen wannan gidan. Leokadia ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai san abin da ke jiranta can: kujera kusa da talabijin, bargo a gwiwa, da surukin da zai riƙa yi mata magana da ƙarfi kamar kurma. Abin yana cin ranta, amma da wane baki za ta ƙi? Ita da ko safa ba ta iya sawa sai ta zauna a bakin gado ta yi nishi.

Da ta ajiye waya, sai ta ce, "An ba ni fili."

Jola ta tsaya da kofi a hannu. "Wane fili kuma, Mama?"

"Na lambu. Pan Zenon ne, shugaban ƙungiya. Ya ce in je in gani yau, in ce ina so ko ba na so."

"To ki kira shi ki ce ba ki so mana. Mama, dubi ƙafarki!"

"Na gan ta. Tare muka kwana. Ɗauko makullin motarki."

Suka tarar da Pan Zenon Kupisz (Pan da Pani a wajenmu kamar Malam da Malama ne) a bakin ƙofar lambun, da tumbinsa da hularsa ta kamun kifi, yana kaɗa tarin makullai. Ya duƙa ya sumbaci hannun Leokadia irin na mutanen da, ya sumbaci na Jola, idonsa kuwa yana kan sandar da tsohuwar ke dogarawa. Ya ja su ta tsakiyar lambun, suka wuce filayen mutane a share tas, ga wake ya hau sanduna, ga 'yan ɗakunan katako da labule, ga ƙamshin tsiran alade a kan garwashi. Suka yi ta tafiya har hanya ta ƙare a jikin shingen waya, inda jirgi ke wucewa.

"To, Pani Leokadia," in ji shi, "ga shi nan. Ni ban ɓoye miki komai ba."

Ba abin da za a ɓoye. Daga wannan kusurwa zuwa waccan chrzan ne, ganyensa faffaɗa ya kai wa mutum ƙugu, ya cika filin ba wurin sa ƙafa. A tsakiya akwai wani ɗan ɗaki da ƙofarsa ta karkace.

Wanda duk ya taɓa riƙe shebur a ƙasar nan ya san halin chrzan. Saiwa ce mai yajin da ke hawa hanci har ƙwaƙwalwa, ba a bikin Ista sai da ita, ba a jiƙa kokwamba a ruwan gishiri sai an cusa ganyenta a kwalba. Amma gindi ɗaya ake shukawa, can a lungu, a kuma sa masa ido, don in ka yanke saiwar ka bar guntu ko kamar ɗan yatsa a ƙasa, baɗi sabon gindi ne. Tsohon da ke da filin ya mutu ya bar gindi uku. Sai Pan Zenon ya sayo wa ƙungiya injin huɗa, ja, sabo fil, ya rasa inda zai nuna wa jama'a ƙarfinsa, ya shigo nan ya yi ta kai da komowa har ya niƙe saiwoyin ya barbaza su ko'ina. Aka tafa masa. Da ƙasa ta yi ɗumi, kowane guntu ya fito yana gaishe shi.

Leokadia ta san labarin, don ba wanda bai sani ba. Ta ce, "Aikin injinka ne wannan, Shugaba? Kai, Allah ya yi wa hannunka albarka."

Wata dariya ta fito daga filin maƙwabta. Wata mata ce mai jan ɗankwali, Pani Genia, ta jingina da shinge tana cin tuffa, ba ta ko yi ƙoƙarin nuna cewa aiki take yi ba.

Pan Zenon ya murtuke fuska. "Wannan tsohon zance ne. Abin da nake so ki gane, ranki ya daɗe, duk wanda aka nuna wa filin nan ya ƙi. Har da wani ƙato mai aikin gini. Ba abin kunya ba ne. Ki ce ba ki so, in mayar da sunanki layi, in wani mai kyau ya fito..."

"In ya fito ku kai min maƙabarta."

"Haba, Pani Leokadia!"

Genia ta cillar da ƙwallon tuffarta, ta dubi Pan Zenon. "Faɗa mata sauran mana, Zenek. Ita ce ta ƙarshe a layi. Tana cewa a'a, kwamiti zai zuba tsakuwa a nan, surukinsa ya samu wurin ajiye mota."

"Ba surukina kaɗai ke da mota ba!"

"Shi kaɗai ke da wadda ba ta shiga ƙofa."

Jola ta ga ta samu abokin yaƙi, sai ta matsa kusa da shugaban. "Pan Zenon, ka yi haƙuri mun ɓata maka lokaci. Mahaifiyata ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba. Ƙarshen wata ma za ta koma wurina."

"Ah to! Ai shi ke nan. Gidan 'ya ya fi komai. Ta huta, ta yi wasa da jikoki."

Suka ci gaba da magana a kanta, ita tana tsaye a tsakaninsu kamar kabad ɗin da ake shawarar ta wace ƙofa za a fitar. Nan ne ran Leokadia ya ɓaci, ɓaci na gaske, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka kulle masaƙa aka ce su tafi gida. Ta juya wajen shinge.

"Pani Genia, ara min shebur."

"Mama!"

"Zan ga ƙasar ne. Ko akuya ba a saye sai an taɓa."

Ta rataya sandarta a waya, ta karɓi shebur, ta kutsa cikin ganyen. Ta kafa shi a gindin wani, ta taka da ƙafar mai lafiya. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, ta sha hutu, tsutsotsi sai walƙiya suke. Shekara da shekaru tana sayen ƙasa a leda, tana hawa da ita bene! Ba ta san lokacin da ta durƙusa ba. Ta sa hannu biyu ta tona, ta kama saiwar fara mai kaurin wuyan hannu, ta ja. Saiwar ta ce ƙas, ta karye, rabi a hannunta, rabi ya yi zamansa a ƙasa.

Yajin ya doke ta a hanci. Sai ta tuno Bolek kamar yana gabanta, a baranda, ana jibi Ista, ya ɗaura tabaran babur ɗinsa yana goga chrzan a magogi, hawaye na bin ƙasan tabaran, yana zagin saiwar da uwarta da ubanta, maƙwabta na sama suna rufe taga. Ranar jana'izarsa ba ta yi kuka ba, mutane har sun yi gulma. Yau ga kukan ya zo mata a gaban Zenon Kupisz, ba ta kuma iya tsayar da shi ba.

"Yesu da Maryamu, Mama, ƙugun ne?"

"Chrzan ne," in ji ta, tana share fuska da bayan hannu. "Ke ba ki san chrzan ba?"

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi.

Ta sake yunƙurawa. Ƙugun ya riƙe ƙam, wani zafi ya tsarga mata har ƙeya. Tsoro ya kama ta, don ta san abin da ake kallo. In aka ɗaga ta daga ƙasar nan, magana ta ƙare: daga nan sai mota, sai kwalaye, sai kujera da bargo. Ta ga takalman Jola masu tsini sun nufo ta cikin ganye. Ta ga inuwar Pan Zenon ta rufe ta, ya miƙo hannu, fuskarsa cike da tausayin da ya fi zagi ciwo.

"Kada wanda ya taɓa ni."

"Mama, don Allah ki bar taurin kai!"

"Jolanta, na ce ki tsaya inda kike."

Jirgin kaya ya zo ya wuce, waya tana rawa. Leokadia ta jawo shebur ta kafa shi a dama. Hagu ba abin dafawa. Sai ta miƙa hannu ta tattaro wani babban gindin chrzan, ta damƙe shi can ƙasa inda ganyen suka haɗu, ta naɗe a hannu. In da tumatir ne ko wake, da ya tuge ya biyo ta sun zube tare. Wannan kuwa, da injin ƙungiya ma ya gagara, ko gezau bai yi ba. Ta ja, ya riƙe. Ta ɗora masa nauyinta duka, ta ɗago gwiwa ɗaya, ta cije leɓe har ta ji gishirin jini, ta ɗago ɗayar. Ta miƙe tsaye tana haki, siket ɗinta duk ƙasa, tafin hannunta kore shar.

Genia ta buga shinge da tafi. "Zenek, ka gaya wa surukinka ya sayi keke!"

Leokadia ta jira numfashinta ya dawo, sannan ta miƙa wa shugaban hannu, tafin a sama. "Na karɓa. Makulli."

"Pani Leokadia, ki yi tunani. Akwai dokar ƙungiya, dole fili ya kasance a gyare, kwamiti yana zagayawa..."

"Su zo. In nuna musu wanda ya shuka."

Ya yi ta lalube cikin makullan kamar bai san wanne ba ne, har dai ya ciro wani ƙarami mai tsatsa ya ajiye mata. Ta jefa shi a aljihun rigar sanyinta, ta juya wajen shinge.

"Ke kuma, Pani Genia, na ga wata 'yar hanya ta fito daga shingenki ta shigo nan, na ga ganye a tsinke. Kokwambarki ta yi daɗi bana?"

Genia ba ta ji kunya ba ko kaɗan. "Ni kaɗai? Duk lambun nan da ganyenki suke jiƙa kokwamba. Har matar shugaba."

"To daga yau mai son ganye ya biyo ta ƙofa, ya ce ina kwana."

Pan Zenon ya tuna yana da aiki a ofis. Genia ta tafi ɗora ruwan shayi. Aka bar uwa da 'ya a cikin ganye. Jola ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Leokadia nauyi. Ta tsaya kawai, takalmanta sun nutse a ƙasa, idonta ya yi ja.

"Na yi wa ɗakin fenti, Mama. Ruwan ƙwai, irin wanda kike so."

"Na sani, 'yata. Zan zo Kirsimeti in kwana a ciki."

"Ba za ki taɓa gamawa da abin nan ba. Kin ji da kunnenki, ƙato ma ya gudu."

"Wa ya ce ina so in gama? Bana in ƙwace wurin kunya biyu, baɗi in ƙara ɗaya. Shi yana nan, ni ina nan."

"In kika sake faɗuwa fa? Ina Gdańsk, ba kowa kusa, wa zai ɗaga ki?"

Leokadia ta dube ta, ta ga yarinyar da ta kwana a kujerar asibiti da kwat a jikinta, tausayi ya kama ta ƙwarai. Amma ba ta mayar da makullin ba. Ta ɗauki guntun saiwar da ta karye, ta karkaɗe ƙasar, ta sa wa Jola a jaka, a kan wayarta da makullin mota. Sannan ta nuna mata filin da haɓa, daga waya har shinge.

"Dubi da kyau," in ji ta. "Duk inda na faɗi a nan, akwai abin kamawa."