Hayaƙin Ranar Talata

Ina ɗauraye kofi na hango hayaƙi yana tashi daga saunar Aatos, maƙwabcina, wato ɗakinsa na wankan tururi. Talata, da hantsi. Gabana ya faɗi. Mu nan sai Asabar ake hura sauna. In ka ga hayaƙi wata ranar, ko haihuwa ce ko wankan gawa, shi kuwa Aatos matarsa ta shekara tara a ƙasa, ba shi da mai haihuwa.

Na zura takalmi na keta dusar ƙanƙara, na tura ƙofar ba sallama. Yana can kan bencin sama, inda zafi ya fi, yana zuba wa duwatsun murhu ruwa. Mutum a sauna jajir yake yi. Shi fuskarsa kamar toka.

"Hilja, ba ki da kunya? Tsirara nake."

"Na ga wanda ya fi wannan, ban suma ba. Me ya same ka?"

"Faskare na yi jiya. Kafaɗa ce ta riƙe, har muƙamuƙi. Zafi zai sake ta."

Ban yi karatu ba, amma na binne miji, shi ma kafaɗa ya ce. Kuma na san yadda zuciya ke sukuwa a bencin nan, ko ta mai lafiya.

"Sauko, tsohon banza. Ba kafaɗa ba ce."

"Ubana bai taɓa ganin likita ba. Nan yake warkewa."

"To yanzu yana ina?"

Ya fara dariya, ta maƙale masa. Ya dafe ƙirji. Da ƙyar na sauko da shi, jikinsa yana zame mini kamar kifi. Na zaunar da shi kan bencin waje, na lulluɓa masa bargo, na kira motar asibiti. Yarinyar da ta ɗauki wayar ta ce minti arba'in, hanya ta daskare.

Na riƙe wuyan hannunsa. Abin yana bugawa, ya tsaya, ya sake bugawa. Duk tsayawar da ya yi, numfashina ma sai ya tsaya.

"Tsoro kike ji?" in ji shi.

"Sanyi nake ji."

"Rufe ƙofar can, kina ɓarnar zafi."

Taku uku ne. Na je na rufe, na dawo.

Kansa ya jingina da bango, idonsa a kan tafki. Na kira sunansa sau biyu, na laluba wuyan hannunsa, babu bugu. Na zauna gefensa ina sauraron hanya, tururi bai daina tashi daga kafaɗunsa ba.