Ƙuda Mai Idanu a Kan Tsinke

Shekara goma sha tara Mama Khavetsa tana rarrafe a dajin Kakamega na ƙasar Kenya da kamara a hannu, gwiwoyinta duk sun yi kanta, sai ga shi yau wai za a gwada ta da wani Lutomia. Lutomia fa! Mutumin da ya sauko daga Nairobi wata bakwai da suka wuce da farin takalmi, yana tambayar mutane ko akwai hanyar da babu laka.

Ƙungiyar 'yan jagoran daji ce ta buɗe sabon ɗakin baƙi, kuma mutum ɗaya take so ya riƙa koya wa baƙi ɗaukar hoton ƙwari. Shugabansu, Mzee Shivachi, ya ce su biyun kowa ya kawo hoton ƙudan nan na bakin rafi, mai idanu a kan tsinke ɗaya dama ɗaya hagu, kuma dole ƙudan ya kasance da rai. Wanda nasa ya fi, aiki nasa ne. Khavetsa ta gaji da jan baƙi a kan tuddai, aikin nan take so ta tsufa a kai, kuma a ganinta raini ne ma a ce sai ta yi gasa kafin a ba ta.

Duk wanda ya taɓa kusantar da kamara ga ƙwaro ya san azabar abin. In ka matso sosai, wurin da ke fitowa tar a hoto bai fi kaurin farce ba, gabansa dishi-dishi, bayansa dishi-dishi. Ka tsuke ƙofar haske don ka ƙara zurfi, duhun bishiyoyi ya cinye maka hoton. Dole ka zaɓi abu ɗaya. Ita ido take zaɓa, ta riƙe numfashi, ta ɗan yi gaba ta ɗan yi baya har idon ya zauna, sannan ta danna.

Ranar Asabar da hantsi aka taru, aka sha shayi da mandazi, wato fankensu na can, aka ja labule, aka kunna majigi. Hoton Lutomia aka fara haskawa a bango. Ɗaki ya ɗauki "Kai! Kai!" Ƙuda ya fito tar tun daga idanu har ƙarshen fiffike, kowane gashi ana iya ƙirga shi. Gogan naka kuwa ya harɗe ƙafa yana murmushi kamar shi ya halicci ƙudan.

Khavetsa ta ja tsaki mai tsawo. "Ɗana, yaya aka yi komai ya fito haka?"

"Fasaha ce, Mama," in ji Lutomia. "Hoto tamanin na ɗauka, kowane ɗaya na matsar da kamara kaɗan, sai kwamfuta ta haɗe su."

"Tamanin. Shi kuma ƙudan ya tsaya maka cak har ka gama, don ya ji kai ɗan Nairobi ne?" Ta nuna bango da cokalin shayi. "Jama'a, ku dubi ƙafafun nan yadda suka naɗe a ƙarƙashin ciki. Wa ya taɓa ganin ƙuda mai rai ya zauna haka? Faɗa mana gaskiya, firij ne ko allura?"

Lutomia ya sauke ƙafa. "Firij ne. Sanyi kawai na so ya ji ya natsu. Sai na manta shi kwana biyu."

Dariya ta ɓarke, har wata ta ƙware da shayi. Khavetsa ta ce, "Ayya, Allah ya ji ƙan ƙuda. Hoton gawa ka kawo mana, kana kiran sa fasaha." Daɗi ya cika ta har wuya, ba ta kuma ɓoye ba. Mzee Shivachi ya girgiza kai ya ce doka doka ce, wannan hoton ya fita.

Aka sa nata. Ita a ɗan gilashin bayan kamara take duba hotunanta, don ta raina kwamfuta da masu zama gabanta. Ta jingina da kujera tana jiran "Kai! Kai!" Shiru. Wani ya yi tari, wata ta shiga gyaran zane.

"To, ga ido nan," ta ce. "Haka ake yi."

Lutomia ne ya yi magana, a hankali, ba da gatse ba, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. "Mama, gashin ganyen da ƙudan ke kai ne ya fito. Idon yana baya."

"Kai ne za ka koya mini?"

Ta miƙe a fusace ta nufi bango. Sai da ta matsa har inuwarta ta rufe rabin hoton sannan ta gani. Gashin bakin ganye ya fito fes, ɗaya bayan ɗaya, idon ƙuda kuwa wani jan ɗigo ne kawai a narke. Ta ce a wuce zuwa na gaba a katin kamararta. Ganye. Na gaba, ganye. Na gaba, ƙafar ƙwaro. Hotunan shekara guda cur, babu ido ko ɗaya da ya zauna. Ashe ba laifin kamara ba ne, idanunta ne suka fara gazawa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko a gaban maciji.

Ba ta juyo ba ta ce, "Shivachi, tun yaushe kuke ganin haka?"

Tsohon ya daɗe yana juya kofinsa.

"Tun daminar bara, Mama. Babu wanda ya iya faɗa miki."