Rakoda Ta Iso Bayan Indabawa

"Sun zauna?" Indabawa ya tambaya tun kafin Alexander ya gama jingine kekensa a bakin baranda.

"Kwamiti neba sit, Baba, ba su zauna ba. An ɗaga sai wata mai zuwa."

Ina gefen tabarma ina yi wa Indabawa fifita don jiki ya yi tsanani, kuma ba zan ɓoye muku ba, sanyi na ji a raina. Allah ya sani ba mutuwar maƙwabcina nake so ba. Rakodar ce ba na so ta zo.

Alexander ɗan kudancin Zariya ne, yana haya a layinmu nan unguwar Uwani a Enugu, yana aiki a ofishin bincike na sabuwar jami'a. Aikinsa buga wa malamai takardun neman tallafi a tafireta. Da ya gaji da buga wa wasu, sai ya nema wa kansa: ya roƙi wata gidauniya a Turai ta saya masa rakoda, ya ɗauki muryar Bahaushen da ya fara sauka Enugu lokacin da aka soma haƙar kwal. Duk tsofaffin unguwar nan, ya rasa wanda zai zaɓa sai Indabawa.

Indabawa fa! Tare muka taho da ƙafa daga Kano, kuma ni na riga shi shiga garin, don shi ya tsaya a rafi yana wankin kaushi. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, goro ɗaya muke sayarwa, amma shi Allah ya ba shi baki. In ya buɗe labari, har matan Ibo masu sayar da manja sukan sauke kaya su saurara. Ni in na fara, sai kowa ya tuna bai yi la'asar ba.

Da Turawan suka ce a haɗa da hoton tsohon, rigata ya aiko 'yarsa Haulatu ta aro masa, shuɗiyar nan mai aska biyu. Rigata ta je Turai da kan wani.

Daga nan takardar ta shiga yawo. Aka dawo da ita a gyara, aka ce sai farfesa ya sa hannu, farfesa ya tafi hutu, daga baya aka ce sai kwamitin jami'a ya zauna a kai. Damina ta shigo, ƙafafun Indabawa suka kumbura, goron ma ya daina ci. Alexander ya roƙe shi ya faɗa a rubuta da biro kafin kuɗin su fito.

"Takarda ba ta da murya, ɗana," in ji shi. "Zan jira."

Na ce a raina, ji mutum, yana kwance yana yanga.

Ranar wata Alhamis da hantsi Haulatu ta leƙo ta katanga. "Baba Gimba, yana kira."

Na same shi an jingine shi da bango, ruwan sama na ɗiga daga kwanon rufi cikin bokiti. Ya daɗe yana kallona.

"Gimba, in rakodar ta zo, kai za ka zauna gabanta."

"Ragowarka zan ci?"

"Tun muna samari kake ci, yau za ka ƙi?"

Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. Na riƙe masa kofi ya kurɓa. Kafin azahar ya cika, hannunsa na kan gwiwata. Ni na yi masa wanka. Na yi kuka, ban kuma fasa jin haushinsa ba.

Bayan sadakar arba'in kwamiti ya zauna, kuɗi suka fito. Alexander ya zo da akwatin rakodar ɗaure a bayan keke, idonsa ja, ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, shi ya ce in zo wurinka."

Na sa aka share baranda, na naɗa rawani. Na ƙudura yau duniya za ta ji wanda ya fara taka garin nan. Ya zarga zaren ɗaukar murya a faifai biyu, ya miƙo min abin magana, ya danna.

Na faɗi yadda muka baro Kano, da yadda Indabawa ya sayar da jakinsa a Lafiya don zazzaɓi ya kama ni. Na faɗi yadda ya koyi Ibo cikin wata ɗaya ya sama mana rumfa, da ranar da ya yi wa bature mai kula da ramin kwal ciniki har baturen ya cire hula. Na ma kwaikwayi muryarsa, ban iya ba. Maganar rafin nake shirin kawowa, abin ya yi ƙaras.

"Zaren ya ƙare, Baba. Ɗaya suka ba ni tukuna."

Ya mayar da shi baya, muka saurara. Haulatu na tsaye a bayan labule, hannunta a baki. Da muryar ta tsaya sai ta share ido da gefen mayafi.

"Baba Gimba, ai ba ka faɗi sunanka ba."

Alexander ya sunkuyar da kai. Babu wanda ya tashi ya kashe rakodar, faifan yana ta juyawa, jelar zaren tana bugun gefen akwatin.