Sunan da ke Takardar Haihuwar Auta

Shekarar Auta goma sha shida a duniya, ba ta taɓa buɗe akwatin Umma ba sai ran nan. A makaranta aka ce kowa ya kawo takardar haihuwarsa don rajistar jarrabawa. Umma tana bakin famfo tana wanki, ta ce a bari ta gama. Auta ta kasa jira.

A ƙarƙashin zannuwa ta samo takardar cikin leda. Sunanta daidai, ranar haihuwa daidai. Amma a gurbin uwa ba sunan Umma ba ne. Sunan ƙanwar Umma ne, wadda ta daɗe da rasuwa, ba a ma cika zancenta a gidan ba. Gurbin uba kuwa layi kawai aka ja.

Ta sake karantawa, wai ko idonta ne. Ta zauna a bakin gado. Yayyenta sun sha tsokanarta da cewa a bola aka tsinto ta, ita ma har dariya take yi. Ashe sun sani? Idan ta yi magana, shi ke nan ta zama baƙuwa a gidan?

Ta ji takun Umma. Ta so ta mayar da takardar, amma ta makara.

Umma ta tsaya a ƙofa, kumfa na ɗiga daga yatsunta. Ta ga takardar a hannun Auta, sannan ta zo ta zauna.

"Kwananki tara a duniya ta rasu," in ji ta. "Babanku ne ya ɗauko ki daga asibiti. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki."

Auta ta ce, "To ni 'yar wace ce, Umma?"

"Ita ta haife ki. Ni na goya ki har bayana ya ƙage. Wanda ya yi cikin kuwa bai taɓa waiwayo mu ba."

Auta ta dubi fuskar Umma, ta ga ita ma a tsorace take.

"Yaya take, ita wadda ta haife ni?" in ji Auta.

"Surutu kamar rediyo. Ga taurin kai, irin naki sak."

Washegari Auta ta miƙa wa malami takardar, tana jiran ya yi mata tambaya. Ya kwafe sunayen ko kallonta bai yi ba, ya kira na bayanta.