Baƙon da Baba Manasseh Ya Gayyata

"Baba, don girman Allah ka ajiye wayar nan," na ce da shi. "Wa kake ba wa amsa kuma?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Tabarau a kan hanci, yana danna haruffa da yatsa ɗaya. "Wani ne ya ce in koma inda na fito. To ina gaya masa daga Jos na fito, Maman Hanan, ko zai so sani."

Baba Manasseh maƙwabcinmu ne a unguwar Balsall Heath, nan ƙasar Turawa, bango ɗaya ya raba mu. Shekara sha huɗu yana gadin ƙofar wani katafaren kanti, irin wanda ake sayar da komai daga madara har katifa. Da suka tashi yin tallar Kirsimeti sai suka zaɓo shi cikin ma'aikata, suka zaunar da shi a matsayin kaka yana yanka talotalo, yara farare da baƙaƙe kewaye da shi. Daƙiƙa bakwai aka nuna fuskarsa a talabijin. Ni kaina ranar har guɗa na yi.

Kwana biyu intanet ta ɗau wuta. Wasu na cewa an ƙwace musu Kirsimeti, sun daina sayayya a kantin. Wasu na mayar musu da cewa gatan farar fata ne ya yi musu yawa. A shirin safe na talabijin mutum huɗu suka yi ta cacar baki da hotonsa a bayansu, ba wanda ya iya faɗin sunansa daidai. Kantin kuwa, matsorata, suka janye tallar, suka ce ya zauna a gida ya huta.

Wane hutu! 'Yarsa Virtue, lauya ce a Manchester, ta shiga faɗan da ƙarfinta. Ta rubuta cewa wannan ubanta ne, ta wanke su tas. Ina zaune ta kira shi.

"Daddy, ka daina kula su. Ka bar ni da su."

"Ke zagi kike ramawa," in ji shi. "Ni magana nake. A gidanmu ba a yi maka magana ka yi banza da mutum."

Nan matsalar take. Duk wanda ya zage shi sai ya fara gaishe shi, ya tambayi iyalinsa, sannan ya yi masa bayani. Su kuma su ɗauki hoton amsar su yaɗa, ana dariya. Ni a kemis nake aiki, na san fuskar mai hawan jini. Na auna shi, jinin ya hau sosai.

"Baba, wallahi wayar nan za ta kashe ka. Gobe ka je wurin likita."

"Zan je, 'yata. Bari in gama da waɗannan."

Ranar Alhamis ya ƙwanƙwasa mana, ya miƙo min wayar. Wani marar suna, marar fuska, ya turo masa hoton ƙofar gidansa, lambar gidan raɗau. A ƙasa an rubuta: na san inda kake. Sai na ga amsar da ya riga ya tura: tunda ka san gidan, ka zo ranar Asabar ƙarfe huɗu mu sha shayi.

"Innalillahi! Baba, kana cikin hayyacinka kuwa?"

"Maman Hanan, bayan rikicin Jos ni na zaunar da mutanen da suka ƙona wa juna gida. Idan mutum ya ga idonka, ya sha abinka, da wuya ya cuce ka."

"Waɗancan sun san ka! Wannan ko mutum ne ko me, ba ka sani ba!"

Na yi masa tsawa kamar ba sa'an mahaifina ba, har yau abin yana damuna. Na kira 'yan sanda, suka rubuta, suka ce ya kulle ƙofa. Virtue ta ce za ta hau jirgin ƙasa ranar Asabar. Daga ranar duk motar da ta rage gudu a layinmu sai na leƙa ta labule. Shi ma nakan ga nasa labulen yana motsi. Ya daina cin abinci, amma bai janye gayyatar ba.

Asabar aiki ya riƙe ni, jirgin Virtue kuma ya makara. Huɗu da rabi na iso layinmu da gudu-gudu. Ƙofarsa a buɗe take, ya tokare ta da takalmi don kada iska ta rufe.

"Baba? Salamu alaikum. Baba Manasseh?"

Yana zaune a falo cikin kayansa na zuwa coci, ya juya kujera tana kallon ƙofa. Kansa ya ɗan karkata. Na kama hannunsa ina neman bugun jini, na daɗe ina nema duk da na riga na san ya cika.

Daga baya likitoci suka ce zuciya ce. 'Yan sanda suka ce babu alamar wani ya shiga. Ko an zo an tsaya a bakin ƙofa, ko jiran ne kawai, Allah kaɗai ya sani.

Da motar asibiti ta tafi da shi, na koma in rufe gidan kafin Virtue ta iso. A kan tebur kofuna biyu ne, cikin na baƙi da marigayiya matarsa ta bari. Nasa ya sha rabi. Ɗayan cike yake, ya kife masa faranti don kada ya huce, ya ajiye sukari da cokali a gefe.