Awon Bangon Baba Tela

Ranar da aka shafa jan fenti a bangon shagonsa, Baba Tela bai ɗinka ko maɓalli ɗaya ba. Za a faɗaɗa titi, kuma taswirar da jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama ta nuna rabin shagon yana kan hanya, har da ɗakin baya inda matarsa ke jinyar ƙafa.

Bayan kwana huɗu safiyon kamfanin da ke aikin titin ta dawo, wata doguwa mai farin gilashi da ma'aikata ke kira Injiniya. Ita ta tashi jirgin tun farko, kuma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: a taswirar, kwalbatin ƙofar shagon ya goce daga inda ta san yake.

"Baba, ban yi maka alkawari ba," in ji ta, "amma ina zargin awon nan. Da saƙon tauraron ɗan'adam jirgin ke gane inda yake, to dogayen benayen nan suna karkatar da saƙon. Sai ya ɗauka yana nan, alhali yana can."

"Au, shi ma ɓata yake yi, 'yar nan?"

"Sosai ma kuwa."

Ta buɗe akwati ta fito da na'urori takwas, kowacce ba ta fi gwangwanin madara ba. Ta kafa biyu a kan tsofaffin duwatsun awo da aka san wurinsu daidai, sauran ta rarraba su: kan kwalbati, gindin fitilar titi, rufin kantin magani, da wasu wurare biyu. Ta takwas rufin Baba aka ɗora ta, shi da kansa ya riƙe mata tsani yana ta "a hankali dai". Ta ce masa na'urorin za su auna tazarar da ke tsakaninsu, su riƙa yi wa jirgin gyara yana sama.

Jirgin ya tashi ke nan sai ɗaya daga cikin na'urorin ta daina aiko da saƙo. Ashe wani direba ne ya tare ta da motar yashi. Sai da mai kantin magani ya fito ya lallashe shi kafin ya matsa, aka sake daga farko.

Injiniya ta zauna a bencin shagon da kwamfuta a cinya. Baba ya kasa zama, ya kasa tambaya, sai murza tef ɗin wuyansa yake yi. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta cire gilashinta ta yi ajiyar zuciya.

"Bangonka bai shiga hanya ba, yana waje da mita ɗaya da rabi. Rumfar gaba kaɗai za ta tafi."

Baba ya zame ya zauna a dokin ƙofa. "Alhamdu lillahi," ya ce. Can ya ɗaga murya: "Uwar gida, kin ji? Rumfa ce kawai!"

Daga ciki matar ta amsa: "Su ɗauka mana! Dama shekara uku ina cewa ka cire ta, yoyo take yi."

Injiniya ta yi dariya har da hawaye. Sannan ta kira shugabanta a waya ta ce kada a taɓa bangon kowa tukuna, akwai gidaje goma sha ɗaya a layin da za ta sake aunawa gobe da safe.