Ɗanɗano Kyauta a Ƙofar Kwaleji

Tun da Folake ta buɗe shagon fiza a bakin kwalejin garin Bagudo, ƙudaje ne manyan masu zuwa. 'Yan makaranta su leƙo, su ga faifan burodi da tumatir da cuku a kai, su ji kuɗinsa, su tuntsire da dariya su wuce wurin Dela mai masa. Duk abin da ta tara a sayar da kayan koli ya shige cikin tanda da firiza. Mijinta Kayode bakanike har ya daina tambayarta ciniki, kuma wannan shirun ya fi faɗa ci mata rai.

Sai ta tuno dabarar mutanen Ibadan, wato ɗanɗano kyauta. Ranar Litinin ta yanyanka fiza a tire, ta tsaya ƙofar kwaleji tana miƙa wa kowa. Kash, baiwar Allah ba ta san gari ba! A nan ba a raba abinci haka siddan, ba suna, ba rasuwa, ba sadakar Juma'a. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa: mi baƙuwar ga taka biɗa ga ɗiyan mutane?

Washegari aka kwashi wata ɗaliba, Ni'ima, zuwa asibiti, amai da gudawa kamar za ta amayar da hanjinta. Yanki biyu ta ci.

Labari ya iso wa Folake, ana cewa tsafi ta yi wa yarinyar. Zancen tsafi bai dame ta ba, ita ta san ba ta yi ba. Cukun ne ya tsinka mata zuciya. Ɗan kabu-kabu ne ke kawo mata shi daga tsallaken iyaka, ta hanyar Segbana, cikin rana tsaka. Satin nan kuma wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi, firiza ta koma akwati. Ranar da za ta gasa ta shinshina cukun, ta ji ɗan tsami, ta ce ai zafin tanda zai kashe komai. Kayode ma ba ta faɗa masa ba.

Da hantsi sai ga su, Namadi kawun Ni'ima a gaba, bayansa 'yan makaranta da 'yan kabu-kabu sun cika hanya. Ta hango wani da gorar fetur, wani yana nuna rufin shagon. Tsoro ya kama ta. Allah ya sa mai gidan da take haya, Alhaji Badamasi, ya tare ƙofa da sandarsa.

"Ba a ƙona min gida kan ji-ta-ji-ta," in ji shi. Ya juyo gare ta. "Maman Titi, akwai sauran abin da kinka raba?"

"Akwai, Baba."

"To ɗauko ki ci gaban jama'a. In kin ci, magana ta ƙare."

Ta ɗauko tiren. Ta ci yanki ɗaya, ta ƙara na biyu, tana haɗiya da ƙyar tana ƙaƙaro murmushi. A ranta ta ce ko cikinta zai tsage, ba za ta motsa daga bencin nan ba sai sun watse. Har wasu sun fara juyawa.

"Haba Alhaji!" Namadi ya daka tsawa. "Yaushe maciji ya taɓa mutuwa da dahinai? Ga ɗiyarta can, ta ba ta mu gani."

Titilope ce, 'yarta tilo 'yar aji ɗaya a firamare, an taso su hutun ƙarfe tara. Ta ratso mutane da jakarta a baya, ba ta san dawan garin ba. Da ta ga tire sai ta washe baki, don kullum hana ta ake yi, a ce na sayarwa ne.

Alhaji ya sassauta murya. "Ba ta ɗan kaɗan, ɗiyata. Ki tsira da shagonki."

Folake ta ɗauki yanki. Yarinyar ta matso ta buɗe baki, ga giɓin haƙoranta na gaba. Ta kai hannu har cukun ya kusa taɓa leɓen yarinyar, sai ta ji tsamin nan ya sake bugun hancinta.

Ta cilla yankin cikin kwata, ta fizgo Titilope ta tura ta bayanta, ta tsaya a tsakaninta da mutane.

"Ba tsafi ba ne," in ji ta. "Cukun ne ya lalace, kuma na sani na gasa. Ku je ku faɗa wa likita abin da Ni'ima ta ci. Shagon kuwa ga shi nan, ku yi yadda kuka ga dama."